Kan da Gwaggo Ta Sake Gasawa

Zuwa ga ɗiyata Mai-tabarau,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da tagwayenki da ban taɓa sa wa ido ba. Mu nan lafiya lau, in ban da gwiwar hagu da ta sa ni gaba tun farkon damina. Na san za ki juya takardar nan ki ce wace ce kuma wannan. Ni ce Gwaggonki mai ginin tukwane, wadda ubanta da kakanki ciki ɗaya suka fito. Rabona da ke tun rasuwar babanki, shekara tara ke nan. Ban yi fushi da ba ki neme ni ba. Na ɗan yi, amma ya wuce.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. Ranar Laraba muna haƙar yumɓu a raminmu na bayan gari, ni da matar maƙeri, sai dagina ya daki wani abu. Na zaci dutse ne. Da na tona da hannu sai ga kai. Kwantar da hankalinki, ba na mutum ba ne, na gasasshen yumɓu ne, girmansa kamar ƙaramin tulu. Fuskar mace ce doguwa, an huda mata ido da hanci, an tara mata gashi ƙulli uku. Shekara arba'in da ɗaya ina taɓa yumɓu, ban taɓa ganin aiki irin wannan ba. Kunne ɗaya babu, sannan akwai tsaga daga goshi zuwa ƙeya, inda dagina ya same ta.

Matar maƙeri ta zubar da kwandonta ta ruga, wai gunki ne, a farfasa shi kafin ya jawo mana masifa. Liman ya zo ya daɗe yana dubawa, ya ce babu mai rai da ke rusuna wa wannan abu, kuma abin da mutanen da suka shuɗe suka bari abin lura ne. Ya ce in rufe shi in ajiye. Yana ɗakin tukwanena, na kifa masa kwando.

Babbar maganar ita ce, mutanen hanya sun zo sun kafa turaku masu jan fenti, layinsu ya ratsa tsakiyar ramin. Sun ce ruwan sama na ɗaukewa katafila za ta zo ta cike shi. Mu mata goma sha ɗaya muke ci daga ramin nan, kuma wani yumɓu mai kyau sai an yi tafiyar yini guda. Da wace gwiwar? Direban da ke kwasar mana tukwane ya ce ya taɓa jin an karkatar da hanya saboda an tono tsofaffin kaya. Ya ce kuma a gidan da ake ajiye irinsu kike aiki. Shi zai kawo miki wannan, duk sati biyu yake zuwa. Ki faɗa min gaskiya, kan nan zai iya ceto mana ramin?

Gwaggonki.

*

Gwaggo,

Ina gaishe ki da kyau, ya ƙarfin gwiwar? Allah ya sauwaƙe. Mu duka lafiya, kuma na karɓi laifina na rashin zumunci. A tsaye nake rubuta wannan, direba yana bakin ƙofa yana danna min oda.

In abin da kika kwatanta haka yake, zai iya haura shekara dubu biyu. Na nuna wa shugaban sashenmu takardarki, ya ce in gwaji ya tabbatar da tsufansa za a rubuta wa hukuma, kuma doka ta hana a bi ta kan irin wannan wuri. Ki aiko min da shi a zuwan direba na gaba. Abin da nake roƙo kawai, ki yi duk yadda za ki yi tsagar nan kada ta ƙaru a hanya. Ke kin fi ni sanin yumɓu. Sauran bayani zai biyo baya.

Ɗiyarki.

*

Gwaggo,

Gaisuwa kuma. Yau kwana uku da tafiyar direba, hankalina ya ƙi kwanciya, don na tuna abin da ya kamata in fara faɗa ban faɗa ba. Wannan zan ba wani mai motar katako da ya ce ta garinku zai bi.

Don Allah kada ki wanke kan nan. Kada ki kankare ƙasar da ke jikinsa, kada ki liƙe tsagar. Abin da ya fi komai, kada ya kusanci wuta. Ki naɗe shi da tsumma kawai, ki sa a kwando cikin ƙaiƙayi.

Ga dalili. Akwai ƙananan ƙwayoyin yashi a cikin yumɓu da suke tara wani irin haske da ido ba ya gani, kaɗan kaɗan, duk shekarar da suka yi a binne. Wuta tana kore shi gaba ɗaya. Ranar da maginiya ta gasa abu, ranar tarin yake farawa daga babu. Mu sai mu ɗebi ɗan gari daga jikinsa, a sa a na'ura, a auna hasken da ya taru, a gane yaushe rabonsa da wuta. In aka sake gasa shi, duk abin da ya tara ya tafi, na'ura za ta ce jiya aka yi shi.

Na so a ce kin ga zauren da nake aiki. Akwai wasu 'yan allunan yumɓu kamar tafin hannu, daga wata ƙasa mai koguna biyu, an dandanna musu rubutu da tsinken kara tun kafin a san takarda. Akwai hoton rundunar sojoji na yumɓu da aka binne da wani sarki can gabas mai nisa, kowanne da fuskarsa. Akwai fitilu, da kasaken turaren wuta na ɗakunan bauta iri iri, da tukwanen da wasu al'ummai suke sa matattunsu. Tufafin mutanen nan sun ruɓe, harsunansu sun mutu, abin da suka bauta wa ma wani ba a san sunansa ba. Abin da masu sana'arki suka gasa shi ya rage yana ba da labarinsu. Kullum ina goge gilashin da ke kansu, ban taɓa tunanin cewa a danginmu akwai mai wannan hannun ba, kuma na ji kunyar hakan.

Gwajin yana da wuyar samu, sau ɗaya shugaba zai iya nema mana a bana. Ki kula min da shi.

Ɗiyarki.

*

Ɗiyata Mai-tabarau,

Na ga takardarki ta hannun direba, gajeriya kamar an kore ki, amma ta faranta min rai. Mu lafiya. Gwiwa ma da ta ji labari ta ɗan sassauta. Na karanta wa matan a bakin rami, matar maƙeri da ta ce a farfasa ita ce yanzu take cewa ai ita ta fara hango shi.

Kin ce sauran bayani zai biyo, na jira kwana shida ban ga komai ba, sai na kama aikin da kika sa ni. Tunda kika ce na fi ki sanin yumɓu, ban ba ki kunya ba. Wannan tsagar da kika ji, in aka sa shi a motar nan haka, kafin a kai gada ya rabe biyu. Na wanke shi tas da ruwan ɗumi, na fitar da ƙasar da ta cushe masa ciki. Na kwaɓa yumɓu mai laushi na cike tsagar, na shafe da ɗan yatsa har ba ki gane wurin. Kunnen da babu na dubi ɗayan na gina masa irinsa, sau uku ina rushewa kafin ya yi min. Ya sha iska kwana huɗu a inuwa. Shekaranjiya na sa shi a matoya, wato inda muke gasa tukwane, na ba shi tsakiya, inda wuta ta fi kyau, na kewaye shi da randuna don kada itace ya faɗo masa.

Ki zo ki ga yadda ya fito. Ja wur, in kika ƙwanƙwasa shi yana amsawa kamar sabuwar tukunya. Yanzu ko daga kan mota ya faɗo ba na jin zai yi komai. Ga shi nan cikin kwando. Ki gaishe min da shugaban naku, ki ce masa ya hanzarta, ruwa ya fara ja baya.

Gwaggonki.

*

Gwaggo,

Ina gaisuwa. Kwando ya iso, takardarki ma ta iso. Na karanta ta sau biyu kafin in buɗe, ina addu'ar a ce ban fahimta ba ne.

Me kika yi haka, Gwaggo? Takardata ta biyu ba ta same ki ba ne? Na rubuta miki ɓaro ɓaro kada ya kusanci wuta. Wa ya ce ki gyara? Wa ya ce ki ƙara kunne? Shekara dubu biyu matar nan tana kwance tana tara shaidar shekarunta, kin ƙone ta a yini ɗaya. Yanzu na'ura za ta ce wannan kai bai kai wata guda ba a duniya, kuma ba ƙarya ta yi ba.

A gaban shugaba na buɗe kwandon, don shi ma ya ƙosa ya gani. Ya ɗaga, ya shinshina, ya ce yana jin ƙamshin hayaƙi. Ya duba kunnen ya tambaye ni, ba kin ce gwaggon taki maginiya ce ba? Ya ajiye ya fita. Kin gane abin da yake nufi. Yana ganin ke kika gina abinki don ki tsare raminki, ni kuma na taya ki. Na bi shi ofis na rantse masa, ya ce ba rantsuwa ake aika wa hukuma ba. Ya ba ni zuwa ƙarshen watan gobe in kawo abin da wuta ba ta taɓa ba, in babu zai ba wani aikin damar gwajin.

Ramin nan da hannunki kika ba da shi.

Ɗiyarki.

*

Zuwa ga Malama mai aikin gidan tarihi,

Ina gaisuwa kamar yadda aka koya mana. Lafiyata ƙalau tunda kin tambaya. Af, ashe ba ki tambaya ba.

Direba ya zo ya koma sau ɗaya ban ba shi komai ba, don da na rubuta a ranar, da ba za ki sake kirana Gwaggo ba. Takardarki ta biyu ta iso bayan kwana tara da fitar kan daga wuta. Mai katakon naki gada ce ta karye masa, ya bar ta a wani shagon faci, ta zo min a jiƙe. Na shanya ta na karanta. Na zauna a ƙofar ɗakin tukwane har rana ta juya ban iya tashi ba. Na yi kuka, in kina son sani. Ba sai kin gaya min abin da na ƙona ba, bayaninki ya fita sarai, sai dai ya makara.

Amma ki koma ki tuna abin da kika rubuta da farko. Kin ce in yi duk yadda zan yi tsaga kada ta ƙaru. Kin ce na fi ki sanin yumɓu. Maginiya kika gaya wa haka. Mu abu ɗaya muka sani da ke hana tsaga ƙaruwa, a cike a gasa. Da tsumma kike nufi, me ya hana ki ce tsumma? Kalma ɗaya ce, direba ba zai mutu ba kafin ki rubuta ta. Shugaban naku kuma da yake ganin ni na gina, ki ce na gode da yabo. Da ina da wannan hannun da ba randa nake yi ba.

Katafila biyu sun iso, suna fake a bakin makaranta. Mutanen hanya sun ce saura wata guda. Matan ba su san abin da ya faru ba, kullum suna tambayata yaushe takardar hukuma za ta zo, ina cewa tana hanya. Ni da ban saba ƙarya ba, yanzu na iya.

Akwai abin da nake so ki ba ni amsa a kai, in fushin ya bar ki. Kin ce ɗan gari kawai ake ɗiba. To dole sai kai? Ramin nan cike yake da tsingaro, wato gutsattsarin tsofaffin kayan yumɓu. Tun zamanin kakata muke tsince su, mu daka a turmi, mu zuba garin cikin sabon yumɓu don kada tukunya ta fashe a wuta. Duk randar da ke garin nan da su a jikinta. Ba mu taɓa dubansu ba, abin dakawa ne. Bayan takardarki na zazzage kwandon da na tara na bana, wanda ban riga na daka ba. Akwai yatsu uku a haɗe. Akwai rabin baki. Akwai wata 'yar ƙafa da mundaye. Ƙasarsu na jikinsu, ba su ga ruwa ba balle wuta. Sai na tuna yawan waɗanda na dake a shekara arba'in.

Ba zan aiko ba sai kin faɗa min dalla dalla abin da za a yi da su, da abin da zai biyo baya. Na gaji da gajerun takardu.

Maginiya.

*

Gwaggona,

Ki yafe min. Ya jikinki, ya gwiwar? Laifin nawa ne, na karanta kalmomina a bakinki na ga babu wata hanya dabam da za ki fahimce su. Maganar da na rufe takardata da ita kuwa, ban san inda zan sa fuskata ba.

Tsingaron nan sun isa, sun ma fi kan amfani, don suna da yawa kuma ba wanda zai ce an gina su jiya. Na gaya wa shugaba, ya ce in sun iso kafin ƙarshen wata shi da kansa zai kai su, kuma a ranar zai rubuta a dakatar da katafila har sakamako ya fito.

Kin ce in faɗa miki abin da zai biyo baya. Zan faɗa, ko da za ki tsane ni. In aka tabbatar wurin tsoho ne, hanya za ta kauce, wannan gaskiya ne. Amma hukuma za ta kewaye ramin da waya. Ba wanda zai sake sa dagi a ciki sai masu bincike. Ku ma ba za ku haƙa ba. Ranar da takardar dakatarwa ta iso, ranar za a hana ku shiga, ba ma sai an jira sakamako ba.

Na san wannan tun ranar da direba yake danna min oda. Kin tambaye ni ko kan zai ceto muku ramin, na amsa miki da maganar hanya, na tsallake sauran. Na so in ga kan nan a zaurenmu, na ce a raina sauran magana a yi ta daga baya. Na nemi shugaba ko za a bar muku gefe guda, ya ce ba a hannunsa yake ba, zai rubuta amma kada in sa rai.

To ga yadda abin yake. In kin riƙe kwandon, kuna da sauran kwanakinku ku haƙi abin da za ku iya ku tara, sannan kwalta ta rufe komai. In kin aiko, ramin zai tsira amma ba naku ba ne kuma. Ba ni da bakin roƙonki. Duk wanda kika zaɓa ba za ki ji wata magana daga gare ni ba.

Ɗiyarki.

*

Ɗiyata,

Muna lafiya. Gwiwa tana nan yadda kika san ta. Ki shafa min kan tagwaye.

Da kin faɗi wannan tun farko da na zage ki na huta. Yanzu kin faɗa a lokacin da ba ni da ƙarfin zagi. Na ji haushinki ƙwarai, har yanzu ina ji, amma gara da kika faɗa da bakinki.

Na tara matan a matoya na karanta musu takardarki, ban tsallake layi ko ɗaya ba, na kuma gaya musu abin da na yi wa kan. Ba wadda ta yi min faɗa a kan gasawar, kowacce ta ce ita ma abin da za ta yi ke nan. Maganar waya ce ta tayar da ƙura. Matar maƙeri ta ce tunda ko ta ina mun rasa, a bar mu mu yi kwana goma sha shidan da suka rage muna haƙa safe da yamma, abin da muka tara zai kai mu shekara guda. Ta ce: "Matattu sun ci zamaninsu, mu 'ya'yanmu da rai suke." Gaskiya ta faɗa. Tara suka bi bayanta. Suka ce in juye kwandon a rami, in manta da ke.

Na ɗauki kwandon na tafi da niyyar juyewa. Na zauna a bakin ramin na sake fito da su ɗaya ɗaya. A bayan rabin bakin nan, ta ciki inda ba a gani, akwai inda mai ginin ta sa curi ta toshe wani wuri da ya yi mata siriri, ta danne da babban yatsa. Haka nake yi. Haka kakata ta koya min, ta ce ɓoyayyen gyara ba a nuna wa mai saye. Ban san me matar nan take bauta wa ba, ban san yarenta ba, amma na san ranar nan yumɓu ya ba ta wahala. Na riga na ƙone wa ɗaya shekarunta, na dake ɗaruruwa a turmi. Na kasa ba da sauran a zuba musu kwalta.

Kwandon yana hannun direba, cikin tsumma da ƙaiƙayi, ban wanke komai ba. Na san abin da na ɗauke wa mata goma, yumɓun shekara guda ne, kuma ba su ba ni izini ba. Ba su sani ba tukuna. Suna can suna haƙa yanzu haka, ina jiyo dagunansu daga nan.

Abu ɗaya na ɗora miki, kuma ba roƙo ba ne. Kada takardar dakatarwar nan ta zo a hannun wani ɗan aike. Ke za ki kawo ta. Ki hau motar direba ki zo, ki tsaya kusa da ni a bakin ramin, mu gaya musu tare. In za su daina gaishe ni a garin nan, su fara da mu biyu.

Gwaggonki.